Likin Tankin Feshi

A shekarar da tsutsa ta far wa tattasaina a fadama ne tankin feshina ya tsage daga gindi. Ina goye da shi na ji sanyi yana bin gadon bayana, kafin la'asar wurin ya ɗau raɗaɗi. Sau biyu ina shafa gam, da ya bushe sai ya ɓare kamar ɓawon albasa. Yayana ya ce in kai wa wani mai likin roba a bayan 'yan kifi, cikin kasuwar Haɗeja.

Dattijo ne siriri, harshensa irin na mutanen gabas. Yana zaune gaban kaskon gawayi, ƙarafa uku masu faɗin baki a cikin wuta. Ya yanko ɗan sili daga gefen tankin, ya kanga a garwashi, ya kai hanci ya shaƙi hayaƙin har da lumshe ido. Na san masu shaƙar sholisho a tasha, ga idon mutumin nan jawur. A raina na ce yayana ya haɗa ni da mashayi.

Na ce, "Baba, me kake shaƙa?"

"Dangin robar nake nema," ya ce. "Warin kyandir take yi, irin jarka ce. Gam ba ya kama ta. In ka narka mata wata robar da ba jininsu ɗaya ba, rabuwa za su yi."

Sai ya buɗe marfin ya sunsuna ciki. Fuskarsa ta sauya.

"Ka wanke?"

"Na wanke."

"Ba ka wanke ba. In wuta ta taɓa maganin nan, ni zan shaƙa." Ya ƙare mini kallo. "A ina kuke wankewa? A kogi?"

Ya ce 'yan'uwansa masunta ne, kuma kwanakin baya kifi ya taso matacce a wani gulbi. Na ce ni a rijiyar gonata nake yi. Gaskiya kuwa na taɓa ɗauraye shi a bakin ruwa, ba sau ɗaya ba. Bai yarda da ni ba, kuma bai ɓoye ba. Ya miƙo mini toka da sabulu, na wanke sau uku, na zuba ruwan a ramin da ya nuna mini.

Da tankin ya bushe, ya gasa ƙusa ya huda shi a kowane ƙarshen tsagar. Na miƙe tsaye.

"Gyara na kawo, ba ƙarin ɓarna ba!"

"Zauna, malam. Tsaga tafiya take yi, nan zan tare ta."

Na zauna, amma zuciyata tana cewa dabara ce don in sake dawowa. Da aka kira azahar ya ce in bar kayan mu je. Na saɓi tankina har ƙofar masallaci, don kada a sauya mini famfon ciki da tsoho. Ya gani, ya wuce ya yi alwalarsa.

Bayan salla ya kankare wurin, ya yanko sili-sili daga wata tsohuwar jarka. Yana ɗora su a kan tsagar yana bi da ƙarfe mai zafi, a hankali, har robobin biyu suka narke suka zama abu ɗaya. Da ta huce ya cika tankin da ruwa, ya ajiye a kan busasshen yashi. Muka zuba masa ido. Yashin bai jiƙe ba.

Duk da haka washegari ruwan banza na zuba, na yi ta zagaya gona da shi har hantsi ina shafa bayana, kafin na yarda na haɗa magani. Rabin tattasan ya tsira.

Da rani ya zagayo maƙwabcina na gona ya tambaye ni inda zai kai nasa tankin. Na kwatanta masa rumfar dattijon, na ce ya iya aiki. Har ya juya zai tafi na kira shi, na ce amma ya tsaya a kansa.