Tala Mai Tukwane da Kufan Tsakiyar Ruwa

Kakata Tala ba ta taɓa shiga lakol, wato makarantar boko, ba, amma ta karantar da malaman lakol, tana tsaye da laka har gwiwa. Ginin tukwane take yi a Garin Ɗan Azumi, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi, tsakanin Tibiri da Gidan Rumji. Gajeriya ce mai saurin baki, ga dariya kamar ana yi mata cakulkuli. Mijinta Labo kuwa fito yake yi da damina. In gulbi ya kawo, sai ya ɗauko manyan gorunansa, mutum ya rungumi ɗaya, shi kuma yana iyo yana turawa har ƙetare.

A tsakiyar fadamar gulbin akwai wani tudu da ake kira Kufai. Da rani da ƙafa ake zuwa, da damina ruwa ya zagaye shi ya koma tsibiri. Ba wanda ya san mutanen da suka zauna wurin, tsofaffi dai sun ce kakanninsu ma haka suka iske shi. Tala tun tana yarinya take bin uwarta can tsintar tsingaro, fasassun tukwanen mutanen dā, a daka a cuɗa da yumɓu don kada sabuwar tukunya ta fashe a wuta. Da haka ta san tudun ciki da waje. Ta san inda duwatsu suke jere a zagaye, da inda kashin tama ya taru, da inda duwatsun niƙa suke kife, sun lotsa saboda aiki.

Shekarar da aka samu ƴancin kai aka turo wani sabon malamin lakol Gidan Rumji, Mushe Ɗahiru, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, saurayi dogo mai tabarau. Ranar wata kasuwa ya tsaya sayen tulu wurin Tala, ya ga wani zane a wuyan tulun wanda bai taɓa gani ba, ya tambaye ta inda ta koya. Ta ce a Kufai ta gani, jikin tsingaro. Ya manta da tulun, ya tsuguna a gabanta yana ta tambaya har kasuwa ta fara watsewa. Ya gaya mata littafin da yake karantar da yara duk labarin kakannin Faransawa ne, ga ƙasa ta zama tamu, shi kuwa ba shi da abin da zai nuna ya ce ga namu. Tala ta ce in tsingaro ne, ya zo da jaki biyu.

Bai samu zuwa ba sai damina ta zagayo, lokacin hutu, washegarin bikin cika shekara ɗaya da ƴancin kai. Ya zo da malamai uku, da wani jandarma da ya ce rakiya ya yi musu, da wani akawun buro, wato ofishin gwamnati, daga Maraɗi mai suna Sabo, wanda ya sha farin kwat da takalmi sau-ciki kamar mai zuwa ɗaurin aure. Duk garin ya fito bakin ruwa kallo. Gulbin kuwa ya cika ya batse, ja wur.

Labo ya jera gorunansa. Sabo ya duba hagu ya duba dama, ya tambayi ina jirgin. Aka nuna masa gora. Sai da aka yi ta lallashi ya yarda ya tuɓe kwat, ya naɗe shi da takalma da littafin rubutunsa, aka ɗaure masa a ka. Jandarman, da ya iso yana huci, tun ruwa bai kai masa ƙugu ba ya fara salati da ƙarfi, bai daina ba har ƙetare. Tala ba ta jira kowa ba, ta ɗaure zane ta faɗa ruwa da gorarta, tana waiwaye tana ƙyalƙyala dariya.

Ɗaya bayan ɗaya Labo ya ƙetarar da su, kuma kowa da labarin da ya samu a tsakiyar ruwa. Ya gaya wa Sabo Samudawa ne suka zauna tudun, duwatsun nan murhun matansu ne, giwa guda suke sakawa a tukunya don kalacin safe. Sabo ya yunƙura zai lalubo littafinsa ya rubuta, gora ta juya da shi sau biyu, takalmi ɗaya ya zame ya bi ruwa ya nufi yamma. Aka yi ta ihu daga gaɓa ana yi wa takalmin sai wata rana.

Da suka taru a tudun, kowa na ɗiga, Tala ta shige gaba suna biye. Ta kai su zagayen duwatsu na farko, duwatsu tara, da ɗaya a tsakiya. Sabo, da takalmi ɗaya a hannu, ya gyara murya ya ce shi bai yarda da zancen giwa ba. A ganinsa nan ne majalisar sarakunan dā, kowane dutse kujerar basarake, na tsakiya na sarki. Tala ta yi dariya har ta zauna a kan kujerar sarkin.

"Ɗana, rumbu ne," in ji ta. "Gindin rumbu. In ka koma gida ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin na babanka, wanga jeri za ka gani. Don gara da lema ake ɗora shi bisa duwatsu."

Malamai suka kwashe da dariya, Sabo ma ya taya su. Ta bi da su tana ƙirgawa, rumbu goma sha bakwai. Ta ce mutanen da suka cika wannan da hatsi ba su san yunwa ba. Ta nuna musu inda maƙera suka narka tama, ta sa jandarman ya durƙusa ya gwada niƙa a dutsen da ya lotsa, ya yi ta yi da gaske har gumi ya keto masa.

Sannan ta tono wani bakin tukunya daga laka, ta wanke a ruwa, ta kama babban yatsan Mushe Ɗahiru ta ɗora a wani ɗan gurbi da ke ciki. Ta ce nan mai ginin ta danna tun yumɓun yana ɗanye. Ta ce bahaguwa ce, don gurbin ya karkata ta inda na mai dama ba ya karkata, kuma gaggawa take yi, ta bar gefe ɗaya bai yi sumul ba, wataƙila yaro ne ke mata kuka. Mushe ya bar yatsansa a wurin. Can sai ya cire tabarau, ya miƙa wa na kusa da shi, ya kama rawa cikin laka shi kaɗai, ba kiɗa. Sauran suka shiga layi, kowa sai ya sa yatsansa, har da Labo da ya shekara talatin yana wuce tudun.

A can ƙarshen tudu akwai wani zagaye babba, ya fi ɗaki uku faɗi. Suka tambaye ta shi kuma fa. Ta ce ba ta sani ba, uwarta ma ba ta sani ba, kuma ba za ta ƙaga ba.

"To kun ji," in ji Labo. "Murhun ke nan."

"Maigida, ka ji tsoron Allah," in ji Tala, tana share hawayen dariya.

Daga ranar baƙi ba su yanke ba. Malamai suka riƙa kawo ƴan lakol da rani, ma'aikata kuma suka fi son damina, saboda labarin gorar Sabo ya kai har Tasawa, kowa yana son a juya da shi. Sabo kansa ya dawo sau huɗu, ba takalmi, yana gaba-gaba yana yi wa sababbi bayanin rumbu kamar shi ya gano. Tala ta kafa doka, a taɓa amma kada a ɗauka. Ita ma ta daina daka duk tsingaron da ke da zane, ta koma fasassun tukwanen gari.

Bayan shekara biyu wasu samari daga gidan rediyon Yamai suka zo da akwatin ɗaukar magana, suka sa ta yi bayani tun daga farko. Wata guda bayan haka tana kasuwar Gidan Rumji, sai rediyon wani mai kanti ya yi sallama da muryar mace. Tala ta amsa sallamar. Ta ajiye tulun da ke hannunta ta matsa kusa, tana gyaɗa kai tana cewa gaskiyar matar nan, duk inda take ta san yumɓu. Mutane suna ta dariya, sai da mai kantin ya rantse mata kafin ta yarda ita ce. Ana cikin haka muryar ta ce rumbu goma sha bakwai.

"Sha tara!" in ji Tala. "Ruwan bana ya tono biyu."

Aka ce mata akwatin rediyo ba ya ji. Ta bar wa maƙwabciyarta tukwanen, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta nufi lakol da sauri, don Mushe Ɗahiru ya rubuta wa mutanen Yamai takarda su gyara.