Gurbin Taɓaryarta

'Yata ta fari ba na kiran sunanta, ba na kuma zaman hira da ita a gaban mutane. Haka muka taso muka tarar. Hirarmu a bakin turmi take. In muna lugude, taɓaryata na fita tata na shiga, har maƙwabta ta bayan danga sukan gane mu ne.

Tana budurwa ta yi wani zazzaɓi mai zafi. Ta tashi, amma tafiyarta ta koma tangaɗi, in ta miƙa hannu ɗaukar moɗa sai ya wuce ta. Muka shiga mota daga Ɗambatta zuwa asibiti a Kano.

Likitan ya dafa ƙeyarsa, ya ce a nan akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsi. Da ya ji manoma ne mu, sai ya ce, "Inna, ki ɗauka gonar dawa ce. Jijiyoyi na tsaye a jere kamar kara. Wasu siraran zaruruwa masu ɗimbin yawa sun ratsa su a kwance, suna kawo labarin abin da jiki ke yi. Kowane kara kuma da yaɗon wakensa guda ɗaya da ya nannaɗe shi, shi ke gaya masa in hannu ya kuskure."

Na ce, "To gonar tata ta ƙone ke nan?"

"Wani sashe. Sauran na iya koyo, in tana maimaita aikin da ta saba. Sai ta yi ta kuskure tukuna."

Da muka dawo na miƙa mata taɓarya. Ta ɗaga, ta sauke a kan tawa. Ta sake, ta bugi bakin turmi, gero ya watse, kaji suka taru. Muna cikin haka wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta bayan danga: "Yau kuma wa ke koyon daka a gidan nan? Ko baƙuwa kuka yi?" Wasa take, ba ta san komai ba.

Yarinyar ta jingine taɓaryar a hankali. "Inna, a kai inji kawai."

Na so in ce mata duk garin su ji, ni ban damu ba. Bakina bai saba da irin wannan magana da ita ba. Washegari na sake miƙa mata, ta girgiza kai. Aka ci gaba da kai surfe inji.

Yanzu tana gidan mijinta wajen Gezawa, da 'ya'ya biyu. Tana tafiya tana dafa bango, kuma babu turmi a gidanta. Ban sani ba ko da mun daure, da hannun ya dawo. Likitan ma bai yi alkawari ba.

Ni har yau ina daka. Ƙanwarta ta ce dakana akwai jinkiri, wai ina ɗaga taɓarya in tsaya kamar mai jiran wani. Na ce mata tsufa ne.