Ɗiban Wuta

A gidanmu na Achika, in sanyi ya shigo, makaranta biyu muke zuwa. Ta safe ita ce ta gwamnati, inda ake rabon bulala. Ta bayan sallar isha'i kuwa ɗakin kakarmu Iya Tabawa ce, inda ake rabon gasasshen rogo. Na shafe rayuwata ina koyarwa, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa na littattafan dabarun koyarwa, amma ban ga inda aka kawo dabarar Iya ba: ka fara cika wa ɗalibi baki, sannan ka faɗi abin da za ka faɗa, ba mai katse ka.

Gungume ɗaya take turawa tsakiyar ɗakin, yana ci a hankali. Mu jikoki mu kewaye shi, gabanmu na ƙuna, bayanmu na ƙanƙara. Ni ta fi tsokana, da yake wasan jika da kaka ne.

"Angona, miji ba cefane, matsa can kada ka shanye mini ɗumin."

Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Mu kuma mu ce ta zo, akwai wuri.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo duk sun cakuɗe mini yanzu. Wadda ta zauna daram ita ce ta Mai Gatari da matarsa. Tun muna yara mun gane cewa ba tatsuniya ba ce, domin Mai Gatari yana ɗingishi da ƙafar hagu, haka kuma aka ce marigayi kakanmu yake yi. Amma mace irin Iya ba ta kama sunan mijinta, ko yana raye ko yana kabari. Shi ya sa ta ɗauki rayuwarta sukutum ta saka cikin tatsuniya, inda kunya ba ta da hurumi.

Ga yadda take. Gonar gado ce aka yi ta rabawa tsakanin 'yan'uwa, har ta kai in ka kwanta a taka, ƙafarka na cikin ta ɗan'uwanka. Sai Mai Gatari ya ɗora iri da tukunya a kan jaki, ya sa amaryarsa gaba, suka yi yamma. Suka wuce ƙasar Zazzau, suka yi ta tafiya har inda hanya ta gaji ta tsaya. Sarkin wannan yanki ya nuna masa daji da sandarsa, ya ce duk inda gatarinsa ya kai nasa ne.

Ya yi sassabe, ya ƙone, ya tone kututture. Ɗorawa da kaɗanya kaɗai ya ƙyale, don ko a daji mutum ba ya sare miyarsa. Da rana su kori birai, da dare su ji gyado, aladen daji, na tonon abin da suka shuka. Rijiyar farko ta rufta, ta biyu ita ta karya masa ƙafa, ta uku ta kawo ruwa. Da kaka ta yi, rumbu ya cika har ya rasa inda zai sa ragowar dawar.

Daga baya na karanta labaran wasu al'ummu da suka yi irin wannan ƙaura suka sari daji a can ƙetaren teku. Duk littafin da na buɗe, namiji ne da gatarinsa. Ban ga wanda ya tambaya da wa matar take hira ba. Iya kuwa daga nan tata tatsuniyar take farawa.

A ƙauye, in wutarki ta mutu da safe, sai ki ɗauki kasko ki shiga maƙwabta ki ɗebo garwashi. A nan ake jin wa ya haihu, wa ya kwana da zazzaɓi. Matar Mai Gatari ba ta da inda za ta ɗebo. Wutar da aka kunna ranar da suka sauka, ita take lallaɓawa, ta rufe ta da toka da dare, ta tone da asuba, kamar mai renon jariri.

A nan ne wata rana na ɗaga hannu, irin na 'yan boko, na ce, "Iya, ba su da ƙyastun kunna wuta ne?"

"Ji wannan, ya yi aji biyu zai koya mini daji. Akwai ƙyastu, angona, a aljihun Mai Gatari yake. Ka taɓa jin ƙyastu ya ce maka ina kwana?"

Da damina ta sake zagayowa, sai ta ce wa mijin, "Malam, inda ba a ɗiban wuta ba gari ba ne. In aka yi girbin bana ban sami maƙwabciya ba, ka mayar da ni Achika." Shi kuwa ya san in ta tafi, gonar ta tashi, don ba wanda ke noma da girki da korar birai shi kaɗai.

Ana haka sai ga wasu baƙi daga arewa, mata da miji, fari ya koro su, ba su da ko jaki. Matar sunanta Hansai. Mai Gatari ya nuna musu ƙungurmin daji can nesa, ya ce su sara, yadda shi ma ya sara. Sai matar Mai Gatari ta shiga ɗaki ta fara ɗaure ƙwaryarta a zane, tana shirin tafiya. Kafin ta gama ƙulli, ya yanka musu gefen gonarsa mai fadama, inda ya fi shan wahalar tonon kututture. Iya takan ce ya kwana yana juyi kamar an cire masa haƙori.

Mu a tunaninmu labari ya ƙare. Ashe da saura.

Matar Mai Gatari ta yi ta ba Hansai abin hannunta. Turmi nata, gishiri nata, daddawa tata, wutar ma kullum daga murhunta ake ɗiba. Tun Hansai na shigowa da fara'a, har ta koma shigowa kai a sunkuye, ta karɓa ta fita. Wata yamma, ta bayan darni, matar Mai Gatari ta ji Hansai na ce wa mijinta, "Da an yi girbi mu ƙara gaba. Na gaji da cewa na gode."

In Iya ta zo nan, takan tsaya ta gyara gungumen, mu kuma rogon ya tsaya mana a baki.

Da asuba matar Mai Gatari ta tone wutarta, wadda ba ta taɓa bari ta mutu ba tun saukarsu. Ta dube ta. Sai ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta sheƙa mata. Mijin ya fito ya ga hayaƙi da laka, ya ce, "Ke, lafiyarki?" ya sa hannu aljihu zai ciro ƙyastu. Ta ce, "Malam, mayar da abinka." Ta ɗauki kasko ta yi sallama gidan Hansai.

"Hansai, ki rufa mini asiri, wutata ta mutu."

Iya ta ce ba ta taɓa ganin mace ta tashi da sauri haka ba. Hansai ta zaɓo garwashi mafi ja, ta cika kasko, ta ƙara da faɗa: ai ba haka ake rufe wuta ba, tokar ta yi yawa, gobe ta zo ta gani. Matar Mai Gatari, wadda ita ta koya wa dajin nan wuta, ta tsaya tana cewa to, to. Daga ranar, wutarta ta riƙa mutuwa jefi-jefi. Aka yi girbi, ba wanda ya ɗaure kaya. Wasu suka ga hayaƙi biyu suka sauka, aka zama uku, har aka kai ga masallacin da ake sahu biyu. A garin aka haifi mahaifinmu, shi ne kuma ya dawo da Iya Achika bayan rasuwar Mai Gatari.

"Nan na sauke ta," in ji Iya. "Wanda ya ce ƙarya ce, ya kai ta kasuwar Wudil ranar Juma'a ya ji nawa za a taya."

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin darasin kyauta, har na sha kawo shi a aji da wannan fassarar. Sai da na yi ritaya na gane cewa na karanta rabin shafi ne.

Na gina gida a ƙarshen Sabon Gari, bayan turken lantarki na ƙarshe, inda maƙwabtana su ne ƙadangaru. Da wani matashin malami, Sagiru, ya kama hayar kangon da ke kusa da mu shi da iyalinsa, sai na buɗe hannu. Ruwa daga rijiyata, cajin waya daga solata, ranar da aka yi dambu a aika musu. Ba a jima ba gaisuwarsa ta fara gajarta. Ya daina tambayar gajiya da iyali, sai "barka, Baba" ya wuce. Rannan Hajiya, uwargidana, ta ce ta ji suna cigiyar gida a cikin gari.

Na zauna a tsakar gida ina duban kwanon rufin da iska ta ɗage mana. Sai na tuna na taɓa ganin tsani a jingine a gidan Sagiru. Na miƙe na sa hula.

Hajiya ta ce, "Malam, ina za ka? Ga tsaninka can."

Na ce, "Wannan ai ya mutu."

Na ƙwanƙwasa na ce, "Malam Sagiru, ka rufa mini asiri, ko kana da tsani?" Ya kinkimo shi da kansa. Ya hana ni hawa, wai shekaruna sun wuce nan. Ya buga ƙusoshin, ya sauko ya yi mini bayani mai tsawo a kan yadda kafintana ya cuce ni. Na tsaya ina cewa to, to. Da magariba matarsa ta shigo ta tambayi Hajiya daddawa, kanta a ɗage.

Suna nan har yau, an ma ƙara gidaje a layin. Tsanina kuwa yana bayan ɗakin ajiya, na lulluɓe shi da buhuna, domin duk unguwar an san ba ni da tsani.