Ƙuri'ar Dolores Da Ba A Buɗe Ba

Ranar Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi, Allah ya yi wa maƙwabciyata Dolores Pasternak rasuwa a gidanta, ana saura 'yan kwanaki zaɓe. 'Yarta Renata ce ta tsallako titi ta shaida mini. Ina share ganyen da ya zuba a ƙofar gida, na ce mata to, na ci gaba da shara. Har yau ban yi kuka ba, Dolores. Ina ta jira ya zo, bai zo ba.

Kin riga ni zama a wannan titi. Lokacin da muka tare ni da marigayiya matata Marjorie, kusan kowane gida a nan bayan garin Detroit na ma'aikacin kamfanin mota ne. Ke kina ɗinkin kujerun mota, kina kan gaba a ƙungiyar ƙwadago. Ni mai shagon kayan gini ne, ba abin da na tsana kamar haraji. Tun zaɓen farko muka gane ba ma ga maciji a siyasa. Kika kafa allon ɗan takararki mai shuɗi a ciyawar ƙofar gidanki, na kafa nawa mai ja, suna hararar juna. Haka muka yi ta yi duk shekara biyu, idan za a tura wakilin mazaɓarmu majalisar tarayya.

Amma ranar zaɓe a mota ɗaya muke tafiya, tawa, don tuƙinki sai addu'a. A hanya sai ki ce, "Lowell, wahalar banza kake yi, duk abin da ka jefa tawa za ta soke shi." In ce, "Ke dai tsohuwa ki riƙe bakinki, kada in sauke ki a nan." Mu dawo ki soya mana pierogi, kwaɓin fulawa mai dankali a ciki, da albasa, kina cewa da mun yi zamanmu a gida ma sakamakon ɗaya ne. Ba mu taɓa zaman ba.

Unguwar nan a idonmu ta sauya. Aka rufe kamfani, filinsa ya koma rumbun ajiyar kaya, albashi bai kai na da ba. 'Ya'yanmu suka yi kudu neman aiki. Gidaje suka koma hannun Kiristocin Iraƙi da 'yan Bangladesh da iyalan da suka fito daga cikin gari. Wasu na gunaguni, ke kuwa kwanon abinci kike ɗauka ki ƙwanƙwasa ƙofa. A teburin girkinki maƙwabtanmu 'yan Bangladesh, Rokeya da mijinta, suka koyi tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa. Da mijin ya samu takardarsa, sai ga allo mai ja a ƙofarsa. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekarar da Marjorie ta kwanta ciwo, ke kike zama da ita idan na tafi shago. Wata safiya na leƙa ta taga na gan ki a cikin sanyi kina tayar da allona da iska ta kayar. Kina zagin mutumin da ke jikin allon, kina danna ƙafafunsa cikin ƙasa.

Da aka sake shata iyakar mazaɓa, tamu ta zama kunnen doki, kowace jam'iyya na cewa a nan za a yi ta ta ƙare. A lokacin huhunki ya gaza. Da yake doka ta yarda a kaɗa kafin ranar zaɓe, kika cika ƙuri'arki a gida, kika ƙi yarda a aika ta gidan waya. Ni kika sa na kai ki akwatin da ke gaban ofishin hukumar gari, da tulun iskar numfashinki a kujerar baya. Na ce ki ba ni in jefa miki. Kika ce, "Kai? Ai gara in ba kura ajiyar nama." Da kanki kika miƙa hannu ta taga kika jefa.

Bayan jana'iza Renata ta same ni ta ce, "Kawu Lowell, wai ba za a ƙirga ta Mama ba." Dokar jiharmu ce: wanda ya rasu kafin ranar zaɓe, a ware ambulan ɗin ƙuri'arsa, ba a buɗewa. Na je na tambaya da kaina. Matar da ke kula da rajista ta san ki, idonta ya yi ja, ta ce babu yadda za ta yi. Ban yi musu ba. Na dawo na zauna a mota na daɗe ban tayar da ita ba.

Ranar Talatar zaɓe na tafi rumfa. Rokeya ce a teburin duba sunaye. Ta ce, "Baba Lowell, yau kai kaɗai?" Na ce ni kaɗai. Na zaɓi alƙalai, na zaɓi 'yan hukumar makarantu, na zo layin ɗan majalisa na tsaya. Ba zan yi miki ƙarya ba, hannuna ba zai iya zaɓar 'yar takararki ba, ke ma da kin raina ni in na yi. Amma tawa ba ta taɓa shiga akwati ita kaɗai ba, sai da taki. Tunda an cire taki, na bar gurbin nan babu komai.

An ce an sanar da wanda ya ci. Ban kunna talabijin ba.

Ubangiji ya jiƙanki, Dolores, ya yafe miki kurakuranki, ya karɓe ki inda ba a ware kowa gefe. Renata, ke da yaranki, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya raya ku a kan halinta. Mu da muka rage a titin nan, tsofaffinmu da baƙinmu, Allah ya sa mu cika da kyau.