Lisans ɗin da maigidana ya ba ni habbanaye

A lokacin da nake ba ku labarinsa, ni saurayi ne mai gyaran wayar salula a bakin kasuwar Agadez, ina da kunnen kiɗa, ina da girman kan da ya fi aljihuna nauyi. Ko shayi aka miƙo mini a fada, wato majalisarmu ta samari, sai in ce na ƙoshi, don kada gobe wani ya ce ya taɓa ba ni. Na rubuto wa wannan mujalla ne saboda halin nan ya kusa raba ni da mutumin da ya fi kowa sona bayan iyayena. Ba zan faɗi sunansa ba, maigidana kawai zan riƙa cewa.

Maigidana yana da ɗan studiyo a zauren gidansu, ɗaki guda da aka lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai da tsofaffin barguna. Masu gita na biki da mata masu tende, kiɗan turmi na Buzaye, duk wurinsa suke zuwa ɗaukar waƙa. Ranar da ya kawo mini gyaran salula na ce masa a wata waƙar da ya haɗa ganga ta danne muryar mai waƙa. Na zaci zai yi fushi, sai ya yi dariya, ya ce tunda bakina ba ya da linzami in zo in nuna masa da hannu. Haka na zama yaronsa. Abin da ya bambanta shi da sauran masu studiyo shi ne lojisiyel ɗinsa, wato manhajar haɗa kiɗa, na gaske ne, ba na sata ba, da lisans a kan sunansa wurin kampanin da ya ƙera shi, tare da bankin sautukan da ake ɗauko ganga da goge da sarewa daga ciki. Yana alfahari da lisans ɗin nan kamar mai raƙumin tsere, har muna tsokanarsa cewa wata rana zai yi masa bikin suna.

Da aiki ya ja baya, sai ya yanke shawarar bin masu neman zinariya zuwa hamada. Ya sayar da ordinater ɗinsa, wato kwamfutarsa, ya yi guzuri, sannan ya kira ni ya ce zai mayar da lisans ɗin kan sunana, tunda ina da wata tsohuwar ordinater, shi kuma inda za shi babu kuran, wato wutar lantarki, balle rezon intanet. Nan take na ce ba na so. Ya dube ni ya ce wa ya gaya mini kyauta ce, habbanaye ne. Mahaifiyarsa mutuniyar Ingall ce, ya tashi cikin makiyaya, inda mutum kan ba ɗan'uwansa saniya ya kiwata, ta haifa masa ƴan maruƙa ya riƙe, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Ya ce duk waƙar da na haɗa tawa ce, in ya dawo in mayar masa da saniyarsa. Da na ji aro ne sai na yarda. Shi ya cike komai a shafin kampanin, ni dai na danna inda ya ce in danna, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Saniyar nan ta yi mini albarka. Masu biki suka san ni, na bar gyaran salula sai jefi-jefi. Ranar da na ji maigidana ya dawo, maimakon in ruga in gaishe shi, sai na ce bari in fara mayar da lisans ɗin kan sunansa, in shiga gidan da amanata a hannu kowa ya gani. Na buɗe kont ɗina a shafin kampanin na nemi wurin mayarwa, sai saƙo ya fito da Faransanci cewa wannan lisans an riga an sauya masa mai shi sau ɗaya, ba a sake sauyawa har abada, ko sayarwa ko kyauta. Na rubuta wa kampanin ina roƙo, har na zauna ina yi wa wani ma'aikacinsu da ban taɓa gani ba bayanin saniya da maruƙa. Ya amsa cikin ladabi cewa labarin ya burge shi, amma doka doka ce.

Daga nan na fara ɓuya. A raina na ci amana, kuma ban san da wane ido zan dube shi ba. Na daina bin layinsu, na sauya masallaci, in na hango wani na gidansu sai in sha kwana. Matarsa, wadda muke kira Tanti, ta aiko cewa yana nemana, na ce ina Tchirozérine wurin aiki. Ta sake aikowa, na ce zazzaɓi nake. Haka watanni suka shuɗe, ƴan fada suka fara cewa yaro ya ga wuri ya manta wanda ya koya masa. Maganar tana ci mini rai, amma ban taɓa tambayar kowa lafiyar maigidana ba, kunyata kawai nake kallo.

Wata safiya Tanti ta zo da kanta, ta zauna a kan bencin shagona ta ce ba za ta tashi ba sai da ni. A hanya ta gaya mini abin da ya kamata in sani tun farko. Nakiya ta tashi kusa da shi a ramin zinariya, kunne ɗaya ya mutu nan take, ɗayan kuma likita ya ce yana tafiya a hankali.

Na same shi a zaure ya rame, yana dafa shayi. Na durƙusa na fara bayani ƙasa-ƙasa, ya ce in ɗaga murya. Na ɗaga, ya ce in ƙara. Asirin da na yi watanni ina ɓoyewa sai da na faɗe shi da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Da ya gane, ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ai ya karanta sharaɗin kafin ya danna, ya san ba mai dawowa ba ne. Ya ce da ya kira shi kyauta da na ƙi karɓa, don ya san taurin kaina, shi ya sa ya ce aro. Sannan ya daina dariya, ya sa Tanti ta ɗauko wani disk. A ciki akwai waƙoƙin tende da ya ɗauka daga bakin mahaifiyarsa kafin ta rasu, bai gama haɗa su ba, kuma ba sa buɗuwa sai da wannan lojisiyel da waɗannan sautukan. Ya ce neman da yake yi mini ke nan, yana so ya ji su a gama tun kunnen yana kamawa.

Na kwaso ordinater a ranar, muka zauna aiki a zauren. Amma na makara. Ko na ƙure sauti, ganga kawai ke isa gare shi, muryar ba ta kai. Sai ya riƙa ɗora tafin hannunsa a kan bafil, akwatin da sauti ke fita, yana jin motsinsa. Da muka gama waƙar farko ya tambaye ni ko muryar Inna ta hau kan ganga yadda ya kamata. Na ce ta hau. Ya ce to, ya yarda da kunnena. Na fita waje na yi kuka, shi kuma ya leƙo yana tsokanata cewa shayina zai huce.

Har yau muna aiki tare, ni ina ji, shi yana ba da umarni, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Ina kira ga ƴan'uwana masu studiyo, kafin ku sayi lisans a hannun wani, ko ku ba da aro, ku karanta sharaɗin da kanku, domin wasu sau ɗaya ake sauya musu suna, wasu bankunan sauti ma ba a sauyawa sam. Wanda kuma ya ga amana ta gagare shi mayarwa, ya je ya faɗa da bakinsa tun da wuri, kada ya zauna yana yanke wa mai ita hukuncin abin da zai ce. Ni da na je gaisuwa a makon da maigidana ya dawo, da ya ji muryar mahaifiyarsa da kunnensa.