Ƙwaron furen kabewa

Ƙanin mijina ɗalibi ne, wai karatun ƙwari yake yi. Da ya zo mana hutu a Lafia, sai ya cika ɗakinsa da gawar fara da buzuzu, kowanne ya tsire shi da fil a kwali, ya rubuta garin da aka kama shi. Ƙato da gemunsa!

Wata rana ina shanya agushi, ɗana mai rarrafe ya cusa hannu cikin furen kabewar bayan ɗaki, sai ya callara ƙara. Na leƙa furen, ga wani ɗan ƙwaro ya lafe a ciki, launinsa ɗaya da furen, hannuwansa na gaba masu kauri. Na tura shi cikin kofi na rufe da tafina. Yatsan yaro har ya fara tashi.

A Kwandere inda na girma, abin da ya ciji yaro shi ake murtsukewa a shafa a wurin. Amma na ce bari in fara tambayar mai ilimi.

"Malam, duba mini, yana da dafi?"

Ya karɓi kofin, ya buɗe waya, idonsa har ƙyalli yake. "Anti, kin san me kika kamo? Irin masu kwanton ɓauna ne, a fure suke jiran ƙudan zuma. Dubi taswira. Kowane ɗigo wuri ne da aka kama shi aka ajiye a gidan tarihi. Nan wajenmu ban ga ko ɗaya ba!"

"Dafi na tambaye ka."

"Tsaya, kar ki girgiza, ƙafarsa za ta karye."

Ƙafar ƙwaro! Ɗan yayansa na ihu a kafaɗata, majina har wuya, ko kallon yatsan bai yi ba. Fil yake nema.

Na fizge kofin, na juye ƙwaron a dakali, na murtsuke shi da babban yatsa, na shafa wa yaro.

Ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. "Haba Anti! Ai ba ya kisa, zafi ne kawai, anjima zai sauka."

"To da bakinka ciwo yake?"

Na goya ɗana na koma kan agushina, ina taɓa yatsan lokaci-lokaci. Kafin la'asar kumburin ya saɓe, yaro ya kama nono. Shi kuwa malam yana durƙushe a dakali, yana tsince fiffike da tsinken tsintsiya.