Takardun da Yaya Ta Liƙa a Bango

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Asabar, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata. Yaya, da aka bugo mini waya aka ce an yi rasuwa a gidanku, ko tambayar wane ne ban yi ba. Na ɗauka mijinki ne, wanda ya shekara uku a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ashe ke ce, Yaya, ke mai jinyar.

Shekara ukun nan ke kike ɗaga shi, ki juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ki yi masa wanka, ki ba shi abinci cokali-cokali. Mutum ne mai jiki, ke kuwa ba ki kai rabinsa ba. Mu namu mu zo ranar hutu, mu ce, "Ya mai jiki?" mu sha shayi, mu kama gabanmu. Ban tuna ranar da waninmu ya tambayi naki jikin ba.

Sau ɗaya tak kika roƙe ni. Kina bakin famfo kina matse zanin gado kika ce, "Ƙanwata, ki samo mini mai taimako, ko da safe kawai. Bayana ya fara gazawa." Na ce ki bar mini. Wata takwas na yi ina wannan "bar mini". Kamfanin da ke turo masu jinya ya yanka mana kuɗin da ya fi fanshon mijinki gaba ɗaya. Wata ta zo kwana huɗu, ta samu inda ya fi maiƙo. Wata tana ganin girmansa ta ce ba za ta iya ba. Dangi suka yi taro, kowa ya cika baki, da wata ya ƙare wayoyi suka daina shiga. Ni ma na gaji, ba zan ɓoye ba, har na fara ƙin ɗaukar kiranki don ba ni da labari mai daɗi. Wannan yana cina har yanzu.

Ke kuwa ba ki cire rai ba. Kika sayar da keken ɗinkinki kika ajiye kuɗin, kika riƙa rubuta takardu kina liƙawa a bango saboda mai zuwa: lokacin magani, yadda ake sa masa matashi, ɓarin da ba a kamawa. Na tsokane ki na ce kin mayar da ɗaki ofis. Kika yi dariya kika ce, "Wadda za ta zo ba ta san shi ba. So nake ta san da mutum za ta yi aiki."

Daga ƙarshe muka dace da wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya, ta yarda da abin da za mu iya. Litinin za ta fara. Kika ce ranar sai kin yi barcin rana, iyakar burinki ke nan. Asabar kika juya shi, kika zauna a kujerar gefen gado, ba ki sake tashi ba.

Litinin dattijuwar ta zo, don babu wanda ya tuna ya sanar da ita. Ta ratsa masu gaisuwa, ta wanke hannu, ta shiga ɗakin. Kwana biyu ke nan mijinki ya ƙi buɗe baki ga kowa, duk mun rasa yadda za mu yi. Ta bi takardunki ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan ta saitin kansa: "Ki gaishe shi kafin ki taɓa shi. Idan ya ƙi ci, ki ce masa ina nan, hutawa nake."

Haka ta faɗa masa. Ya san gaskiya, a gabansa aka yi komai. Ya daɗe yana kallon kujerar, sannan ya karɓi cokalin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki, da mu da muka makara. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya ba mu haƙuri, Ya yafe mana. Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki hutun da muka kasa ba ki.